Zobe Biyu a Ƙotar Shozan

Shekara talatin da ɗaya ina goge bindigar da ba tawa ba, kuma ba za ta taɓa zama tawa ba. Mai iƙama, wato baƙo mai takardar zama, ba ya riƙe takardar bindiga a Saudiyya, ko da a unguwar Karantina ta Jidda aka binne cibiyarsa kamar ni. Ta maigidana ce, wani dattijo ɗan Jidda da nake tuƙawa a unguwar Abhur. Ni ina ce masa ya ammi, wato baffa. Shi kuma har gobe ɗan kafinta yake ce mini, duk da furfurar da ta cinye mini gemu.

Shozan ake kiran irinta a nan, wato bindigar da ke watsa ƙananan dalma maimakon harsashi guda. Tsohuwa ce ta soja, tun ta yaƙin Turawa, ya gaje ta wurin mahaifinsa, takardunta kuma cikakku ne. Hancinta gajere, an lulluɓe samansa da wani ƙarfe mai huji-huji don kada ya ƙona hannu, kuma har yanzu akwai ƙugiyar da sojoji ke maƙala wuƙa a bakinta. Ba ta da wayon bindigogin yanzu. Ta ƙasa ake cusa mata harsashi ɗaya bayan ɗaya, sannan ka kama katakon gaba ka ja shi baya da ƙarfi, ka mayar da shi gaba. Jan baya yana tofar da kwanson da aka harba, turawa gaba yana ɗora sabo. In ka ja da sanyin jiki sai ta riƙe kwanson a baki ta ƙi saki. Ammi yakan ce ba ta son mai kunya. Kuma in ka ɗora babban yatsa inda bai kamata ba, ƙarfen cikinta zai fito ta baya ya cije ka. Ina da tabo tun shekarata ta farko, ban sake ba.

Aikina da ita goge-goge ne. Raɓar tekun Jidda ba ta barin ƙarfe ya huta, mako biyu ka ƙyale shi sai ka ga tsatsa ta fara leƙowa. Duk ranar Asabar in mun dawo gida daga harbi, ammi zai zauna a kujerarsa, ya buɗe ta ya leƙa ciki, ya sa ɗan yatsa ya tabbatar ba komai, sannan ya miƙo mini. Ni ma sai na leƙa, ko da a gabana ya duba. Na shimfiɗa jarida, na zura tsumma a hancin, na shafe ƙarfen da mai. Ƙota nake bari ƙarshe, wato katakon bayan da ake dafawa a kafaɗa. A kanta nake daɗewa, domin mahaifina ne ya sassaƙa ta.

Mahaifina kafinta ne a Karantina, jikan alhazan da suka taho a ƙasa daga wajen Katsina ba su koma ba. Shagonsa rumfar kwano ce. Yana ƙera gadaje, da kujerun tsugunno na mata, da karawita, dogon bencin nan mai saƙar igiya da mutanen Hijaz ke kishingiɗa a kai. Mutum ne da magana ke yi wa wuya. Duk abin da ya gama, sai ya sa ƙarfe a wuta ya zagaye ƙarshen ƙafafunsa da baƙaƙen zobba biyu, tsakaninsu faɗin yatsa biyu. Mu dai mun ɗauka sa hannunsa ke nan. Ban taɓa tambaya ba, don ni da zarto ba ma ga maciji. Mota nake so, kuma na gudu daga rumfar nan tun kafin na iya buga ƙusa daidai.

Ammi yana saurayi ya tafi farautar kurciya a bakin teku, ya jingina bindigar a bayan mota, ya manta, ya yi ribas. Ƙotarta ta asali ta tsage gida biyu. Tsoron ubansa ya sa ya naɗe gutsattsarin a tawul ya yi ta yawo da su, har aka kwatanta masa wani kafinta Bahaushe a Karantina. Mahaifina ya auna shi da igiya daga lanƙwasar gwiwar hannu zuwa yatsa, ya ɗaure ƙulli, ya ce ya dawo bayan mako uku. Da katakon saj ya yi ta, wanda aka ciro daga wani tsohon jirgin ruwa, mai nauyi kamar dutse. Ita ma ya yi mata zobbansa biyu a gindi. Bayan shekaru, da na sami lasin tuƙi, mahaifina ya sa farar rigarsa ya kai ni wurin mutumin nan da kansa. Ta dalilin ƙotar nan na sami aikin da na aurar da 'ya'yana da shi.

Da rusau ya zo Karantina mahaifina ya daɗe da rasuwa. Aka shafa jan fenti a bangonmu, muka sami mota ɗaya ta kaya. Matata ta zaɓi firiji da na'urar sanyi da katifu, kuma ta yi daidai. Karawita ɗaya ta rage mana ta aikinsa, ba ta sami wuri ba. Na ce gobe zan dawo na ɗauka. Kashegari na tarar an tare hanya, unguwar ta zama fili. Maƙwabtan da ke da gadajensa sun watse, wasu Makka, wasu Nijar, wasu ban san inda suka yi ba. Muka kama haya a gefen unguwar Sa'alaba, ba ko kujera ɗaya da hannunsa ya taɓa. Daga ranar, abin da ya rage mini na mahaifina a duniya shi ne ƙotar bindigar wani.

Ammi ya daɗe da barin farauta. Abin da ya rage masa shi ne wani filin harbi mai izini a arewacin gari, inda inji ke cilla ƙananan farantan yumɓu sama ana harbo su. Duk Asabar da hantsi muna can. Samari suna zuwa da dogayen bindigogi masu walƙiya, suna kallon tamu suna ƙunshe dariya, don ba a yi ta domin faranti ba. Shi ko a jikinsa. Zai tsaya, ya ce a saki, ya harba, ya ja katakon baya ya mayar, ƙarar ta fita kacak-kacak har sai na nesa ya waiwayo. Tun rasuwar matarsa, in ka cire masallaci da asibiti, ba inda yake zuwa sai nan. Ranar Juma'a da yamma yake aske gemu saboda Asabar.

Sai kafaɗa ta fara. Ya kai shekara saba'in da takwas, ya rusuna, ya ragu a cikin rigarsa. Na lura yana miƙa wuya da hannu kafin yatsansa ya kai kunamar harbi, gindin bindigar kuma ba ya zama a mazauninsa, sai ya zame ya doki ƙashi. In mun dawo ba ya iya ɗaga finjalin gahawa da dama. 'Yarsa ce ke riƙe da gidan, mace mai kaifi wadda ba ta maimaita magana. Ta ce ko dai a gyara bindigar ta daina dukan ubanta, ko a mayar wa hukuma. Ta nemo shagon da ke da izinin gyara, ta sa mana rana.

Mai gyaran wani dattijo ne ɗan Pakistan mai ƙaramar murya. Ammi kuwa harbi ya cinye masa kunnen dama, na hagun ma sai an ɗaga murya. Don haka a ko'ina ni ne kunnensa: a faɗa mini, na maimaita masa da ƙarfi. Mutumin ya sa ammi ya dafa bindigar, ya zagaya shi, ya ce ƙotar ta yi masa tsawo. Ya ce hanya biyu ce. Ko a yanke yatsa biyu daga gindin katakon a sa matashin roba mai taushi, ko a cire katakon gaba ɗaya a sa ƙotar zamani ta baƙar roba, mai ja da baya da gaba. Sai ya ƙara da cewa shi da zai ba da shawara, a yanke katakon. Robar ba ta da nauyi, kuma bindiga in ta yi sakayau ta fi shuri.

Na juya wurin ammi na ɗaga murya na ce, ko a yanke katako, ko a sa roba ta zamani wadda ake daidaitawa yadda mutum yake so. Na yabi robar kamar ni na ƙera ta. Maganar shuri kuwa na haɗiye ta. Mai gyaran ya dube ni, na kau da kai ina karanta wata takarda a bango. Ammi ya daɗe yana kallon ƙotar, sannan ya kalle ni, ya ce, "Tayyib, shi ke nan, a sa robar."

Ban yi haka don na manta ba. Na ji sarai, na gane sarai. Lissafina shi ne katakon ya fita lafiya ba zarton da ya taɓa shi, kuma wataƙila in ya zama ba shi da amfani a gidan a ce mini in ɗauka. Na gaya wa kaina wai mai gyaran tsohon yayi ne, me ya sani game da kayan zamani. Son zuciya dai, ɓacin zuciya.

Bayan kwana goma muka karɓo ta. Baƙar ƙota mai ramuka, da wani ɗan koren ɗigo mai haske a kan hancinta don ido ya kama saiti da sauri. Ta yi kama da tsohuwar da jikoki suka sa wa takalmin ƙwallo. Katakon mahaifina aka naɗe shi a tsohon shimagi, mayafin kan Larabawa, ammi ya sa a kabad ya kulle. Na tsaya ina jira ya ce ɗauka. Bai ce ba, ni kuma ban roƙa ba.

Ranar Asabar samarin suka taru suna masha Allah. Ya harba na farko, na ga kafaɗarsa ta yi baya fiye da yadda na saba gani. Ya harba na biyu, ya cije leɓe. A na uku hularsa ta faɗi. Ya ja katakon gaba ya bar ta a buɗe kamar kullum, ya duba ciki, ya ajiye a kan tebur, ya zauna. Ya ce, "Yalla, gida." A mota ya riƙe hannun dama da na hagu har muka isa.

Kashegari kafaɗar ta yi baƙi ƙirin kamar ɗinya, har zuwa ƙirji. Hoto ya nuna ba karaya, amma jijiya ta ji jiki. 'Yarsa ta tsaya a ƙofar falo ta ce, "Halas. An gyara, ba ta gyaru ba. In yayana ya zo ƙarshen wata za a miƙa ta ga hukuma." Ammi bai yi gardama ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Asabar uku ina wanke mota ina jira, ba wanda ya fito. Ya bar gemu ya tsiro. Abinci a kai masa a dawo da shi kusan yadda yake.

Matata na gaya wa, don ita ba a ɓoye mata abu ya ɓoyu. Tana tsinke ganyen mulukiya ta saurare ni har na gama, ba ta ɗago ba. Sannan ta ce, "Wallahi, Malam, ka ba ni kunya. Mutumin da ya ba ka kunnensa amana? Yaʿni saboda guntun itace ka karya tsoho?"

Na ce ba guntun itace ba ne, ta san abin da yake.

Ta ce, "Na sani. To ka same shi? Yana kabad a kulle. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Gobe ka je ka faɗa masa da bakinka, in ba haka ba ni zan ɗauki taksi in je."

Da safe na saya masa wake da burodin tamis daga wurin da yake so, na kai masa falo. Na zauna a ƙasa ta gefen kunnensa na hagu. Irin wannan magana a hankali ake so a yi ta, amma da shi ba dama. Da ihu na yi iƙirarin laifina, har mai aikin kicin ta leƙo. Na ce mai gyara ya yi gargaɗi robar za ta fi duka, ni na ɓoye, don ba na so a yanke aikin mahaifina.

Ya daɗe yana tauna. Sannan ya zaro makulli daga aljihu ya jefo mini, ya ce in ɗauko katakon. Na kwance shimagin a gabansa. Ya ɗora shi a cinya, ya sa farce a kan zoben farko.

"Wannan mene ne, ɗan kafinta?"

Na ce sa hannun mahaifina ne.

"Sa hannu! Kai dai direba ne." Ya girgiza kai. "Ranar da na zo karɓa na tambaye shi. Ya ce mini, yanzu kai saurayi ne, na yi ta daidai hannunka. Amma mutum in ya tsufa komawa ciki yake yi, baya ya rusuna, hannu ya gajarta. In ka kai saba'in, ka sa a yanke a nan. In Allah ya ƙara maka kwana har wannan ma ta yi maka tsawo, a yanke a na biyun. Ya ce katakon da ke tsakani ba nawa ba ne, na tsufana ne, ya ajiye mini."

Sai ga gadon kakata a idona. Tun ina ƙarami na san shi dogo, sai an yi tsalle a hau. Da ƙafafunta suka yi nauyi na ga ya zama gajere, tana zama a kai tafin ƙafarta na taɓa ƙasa. Ban taɓa tambayar yadda aka yi gado ya rage tsawo ba. Karawitar da na bari a Karantina ma zobe ɗaya ne a ƙafarta, ni kuwa na ɗauka mantuwa ya yi.

Na ce, "To ya ammi, tunda ka sani, me ya sa ba ka ce a yanke ba a shagon? Me ya sa ba ka ce ba tun shekara takwas?"

Ya ce, "Saboda kai. Duk Asabar ina zaune ina kallonka kana shafa ta kamar kan maraya. Tun da aka rushe unguwarku abin ya ƙaru. Na ce in na sa mata zarto, ɗan kafinta ba zai yafe mini ba. Na ce kafaɗa ta daure." Ya ɗan taɓa wurin ya yamutsa fuska. "Amma da ka gaya mini robar nan jaka ce, da na yi tunani."

Na yi kuka a falon nan, ba zan ɓoye ba. Kunya ce ta fi yawa a ciki. Shekara takwas yana shan duka don ya bar mini abin da zan shafa, ni kuma na saka masa da wanda ya fi shi.

Ya ce in share fuska in je in sayo zarto. Na ce a kai wa mai gyara. Ya ce mai gyara zai sa roba ya ɗaura, amma yanka ni zan yi, ko sau ɗaya a rayuwata in yi wa ubana aiki. Na sayo mai ƙananan haƙora. Muka fita inuwar garejin, na ɗaure ƙotar a kan benci da tsumma, shi yana kan kujerar roba yana ba da umarni kamar ya taɓa riƙe zarto. Saj ɗin ya yi tauri, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Da haƙoran suka shiga sai wani ƙamshi ya taso, na mai da tsohon itace, ƙamshin rumfar da na guda tun ina yaro. Na bi tsakiyar zoben a hankali. Duk da haka na karkace kaɗan a ƙarshe, ammi ya ce da mahaifina na nan da ya kore ni a karo na biyu.

Guntun ya faɗi ƙasa, faɗin yatsa biyu, da rabin ƙunar zoben a bakinsa. Ina share garin katako ya turo mini shi da sandarsa. Ya ce, "Ɗauki. Wannan ba bindiga ba ce, ba ta bukatar takarda."

Mai gyaran ya miƙe yankan da na karkatar, ya sa matashin roba mai kauri, ya mayar da ƙotar mazauninta, ya ba da shawarar harsashi mai sauƙin albarushi. Wannan karon duk abin da ya faɗa na maimaita, har tarin da ya yi. Koren ɗigon muka bar shi, don idon ammi ya so shi. 'Yarsa sai da ta ji daga bakin likita, sannan ta yarda da sharaɗi: harbi goma, ba ƙari. Ni kuwa ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya, kuma ban ga laifinta ba. Asabar ɗin da muka koma, gindin bindigar ya zauna a kafaɗarsa daram. Ya fasa faranti huɗu. A mota ya yi ta ba ni labarin huɗun kamar ba a gabana aka yi ba.

Guntun yana gidana a Sa'alaba, a kan kanta kusa da Alƙur'ani. Jikokina sun ɗauka abin dafe takarda ne. Ranar da na goge bindiga, in na dawo da sauran mai a hannu, nakan shafa masa.

Shekara uku ke nan. Asabar ɗin da ta wuce na ga ammi ya sake miƙa wuya kafin yatsansa ya kai kunama, kaɗan dai, wanda bai san shi ba ba zai lura ba. Da muka dawo ina gogewa, hannuna ya tsaya a kan zobe na biyu. Bayansa mahaifina bai zana komai ba. Ban san na daɗe a wurin ba sai da na ji sandar ammi ta taɓa mini gwiwa.

"Ba yanzu ba, ɗan kafinta," ya ce. "Ka sami ɗaya, kada ka yi kwaɗayi."

Na ce masa ba na so. Na faɗa da ƙarfi ta kunnen hagu don ya ji, kuma gaskiya na faɗa. Na ɗauki tsumma na ci gaba da shafa mai.